Zaren Gilashi Mai Rufin Zinariya da Matsalar Gano Sinadaran Jiki da Yawa a Gwaji Ɗaya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wani rukuni na na'urorin gano sinadaran jiki waɗanda ake ƙerawa da zaren gilashi mai ɗaukar haske, wato faiba, bayan an shafa masa zinariya ko azurfa. Ta mai da hankali kan ƙoƙarin da ake yi na sa tsinken gwaji ɗaya ya gano furotin ko DNA iri daban-daban a lokaci guda. An bi asalin fasahar a taƙaice, an fayyace abin da na'urar ke aunawa a zahiri, sannan aka duba hanyoyin da masu bincike suka bi don raba saƙon wani sinadari da na wani. Matsayin takardar shi ne, na'urar ba ta san sunan abin da ya manne mata ba, abin da take ji kawai shi ne canjin yadda ruwan da ke jikinta ke karya haske. Don haka ƙara yawan tashoshin gwaji ba ya zama ci gaba sai an tanadi tashar shaida, kuma an yi gwajin cikin jini na gaske.

1.0 Gabatarwa

Cuta ɗaya ba kasafai take barin alama ɗaya tak a jini ba, alama ɗaya kuma ba kasafai take nuna cuta ɗaya tak ba. Idan wani sashe na tsokar zuciya ya mutu saboda toshewar jijiya, furotin ɗin da ake kira mayogulobin kan hau cikin jini a sa'o'in farko, amma haka yake hawa ko da tsokar cinya ce ta ji rauni. Furotin ɗin tirofonin shi ne ya fi keɓanta da zuciya, sai dai ya fi jinkirin bayyana, kuma yakan yi kwanaki bai sauka ba. A zazzaɓin cizon sauro ma haka abin yake. Furotin ɗin HRP2, wanda yawancin tsinkayen gwajin gaggawa ke nema, yana iya zama cikin jini har makonni bayan magani ya kashe ƙwayar cutar, alhali sinadarin pLDH yana gushewa cikin 'yan kwanaki. Likitan da ya ga duka biyun tare ya fi wanda ya ga ɗaya sanin halin da majiyyacinsa ke ciki.

Manyan ɗakunan gwaji sun daɗe suna auna sinadarai da yawa daga jini ɗaya, amma da manyan injuna da ƙwararrun ma'aikata da sa'o'in jira. Burin masu aikin faiba shi ne a samu siririn tsinke da za a tsoma cikin ɗan ɗigon jini, ko a zura ta cikin bututun likita har ya kai ga tsokar da ake zargi, ya ba da amsa nan take ba tare da an rina sinadarin da wata alama ba. Burin yana da kyau. Abin da wannan takarda ke tambaya shi ne, me ke tare hanya tsakanin gano abu ɗaya da gano abu biyar, kuma a ina ya kamata a zuba ƙarfi.

2.0 Asalin fasahar

A 1902 Robert Wood na Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka ya lura da wasu baƙaƙen layuka a hasken da ke dawowa daga ƙarfe mai zane-zane, bai kuwa iya bayaninsu ba. A 1957 Rufus Ritchie ya nuna a lissafi cewa ilektoron da ke yawo a fuskar ƙarfe na iya kaɗawa tare kamar igiya ɗaya, wannan kaɗawar ita ake kira filasmon. A 1968, a Jamus, Andreas Otto a gefe guda, Erich Kretschmann da Heinz Raether a ɗaya gefen, suka nuna yadda za a tayar da wannan kaɗawa da haske ta hanyar dunƙulen gilashi mai kusurwa. Tsarin Kretschmann, inda ake shafa siririn ƙarfen a jikin gilashin kai tsaye, shi ya ɗore.

An yi shekara goma sha biyar kafin a kai abin fagen nazarin halittu. A 1983 Bo Liedberg da Claes Nylander da Ingemar Lundström na Jami'ar Linköping a Suwidin suka nuna cewa ana iya ganin mannewar antibodi, wato furotin ɗin garkuwar jiki, a fuskar ƙarfen. A 1990 kamfanin Pharmacia da ke Uppsala ya fitar da injin BIAcore, wanda ya zama ma'aunin da masu harhaɗa magunguna ke dogaro da shi har yau. Injin babba ne, mai tsada, mai zaman teburi.

A can wani fagen kuma faiba ta riga ta girma. Charles Kao da George Hockham sun yi hasashen amfaninta ga sadarwa a 1966 a Ingila, kamfanin Corning ya ƙera mai ƙarancin asarar haske a 1970. Haɗuwar fagagen biyu ta zo a 1993, lokacin da Ralph Jorgenson da Sinclair Yee na Jami'ar Washington a Seattle suka ɓare ɓawon faiba, suka shafa wa ɓargonta siririn ƙarfe, suka mai da zaren kansa ya yi aikin da dunƙulen gilashi ke yi. Sun kuma nuna cewa idan aka sa madubi a bakin zaren, hasken zai je ya dawo ta hanya ɗaya, sai na'urar ta zama tsinken tsomawa.

3.0 Abin da na'urar ke aunawa

Faiba tana da ɓargo da ɓawo. Haske yana tafiya cikin ɓargon yana bugun bango yana dawowa, domin ma'aunin karya haske na ɓargon ya ɗara na ɓawon. Sai dai a duk inda ya bugi bango, ba ya tsayawa cak. Wani ɗan hucinsa kan leƙa waje, ya yi rauni da sauri, ya ƙare cikin 'yan ɗaruruwan nanomita, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Idan aka cire ɓawon aka maye gurbinsa da zinariya mai kaurin kusan nanomita 50, wannan hucin zai ratsa ta ya taɓa ilektoron ɗin da ke ɗaya fuskar, wadda ke kallon ruwan gwaji. A wani tsawon zango na musamman, tafiyar hasken da kaɗawar ilektoron sukan dace, sai ƙarfin hasken ya zube cikin ƙarfen. Wanda ya aika farin haske ta cikin zaren zai ga ya fito da giɓi a wannan launi. Ga zinariya a cikin ruwa, giɓin kan faɗo a wajejen nanomita 600 zuwa 650, wato ɓangaren ja.

Wurin da giɓin ya faɗo ya dogara ne ga ma'aunin karya haske na abin da ke kwance a kan zinariyar, cikin tazarar nanomita 200 zuwa 300. Na ruwa 1.333 ne. Na furotin ya fi haka. Idan furotin ya taru a fuskar ya kori ruwan da ke wurin, matsakaicin ma'aunin zai ɗan hau, giɓin kuma ya matsa zuwa zango mai tsawo. Wannan matsawar ita ce duk labarin da na'urar ke bayarwa.

A nan ya kamata a dakata, domin daga nan duk sauran matsalolin suka samo asali. Filasmon bai san tirofonin ba, bai san HRP2 ba. Idan albumin, wani furotin na jini, shi ya manne, giɓin zai matsa. Idan gishirin ruwan ya ƙaru, zai matsa. Idan ɗakin ya yi zafi, zai matsa. Abin da ke ba na'urar zaɓi shi ne mai kamun da aka ɗaure a jikin zinariyar, antibodi ne ko zaren DNA ko aftama (gajeren zaren DNA ko RNA da ake zaɓowa don kamu), ba hasken ba.

Lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Masu amfani da BIAcore sun saba da ƙiyasin cewa fikogiram ɗaya na furotin a kan murabba'in milimita ɗaya yana daidai da canjin kusan kashi ɗaya cikin miliyan na ma'aunin karya haske. Ruwa kuwa, a zafin ɗaki, ma'auninsa kan sauka da kusan 0.0001 a duk ƙarin digiri ɗaya na Salshiyas. Ke nan digiri ɗaya na zafi yana motsa giɓin gwargwadon yadda fikogiram 100 na furotin zai motsa shi, sai dai ta ɗaya ɓangaren. A ƙaddara tsinke mai matsawar nanomita 2,000 ga kowane cikakken ma'auni ɗaya, adadin da ba baƙo ba ne a irin waɗannan tsinkaye: digiri ɗaya zai ba da nanomita 0.2, furotin mai fikogiram 50 zai ba da nanomita 0.1. Rabin digiri ya isa ya shafe amsar gaba ɗaya, ko ya ƙirƙiro ta inda babu. Manyan injunan teburi suna riƙe zafinsu da tsananin kulawa saboda wannan dalili, wani ɓangare na tsadarsu ke nan. Tsinken da aka tsoma cikin buɗaɗɗiyar kwalba ba shi da wannan gata.

4.0 Yadda ake ba kowane sinadari adireshinsa

Tunda duk mannewa iri ɗaya take bayyana, gano abubuwa da yawa ya koma tambaya ɗaya: ta yaya za a san daga wane wuri a jikin tsinken matsawar ta fito?

Amsar da ta fi jan hankalin masu bincike ita ce a raba su da launi. A yi yankuna biyu a jere a kan zare ɗaya, a sa kowanne ya ba da giɓinsa a zango daban. Ana yin haka ta hanyar ɗora wa yanki na biyu wani siririn rufi mai babban ma'aunin karya haske, na roba ko na sinadarin tantalam, wanda zai ture giɓinsa gaba. Ko a yi ɗaya da zinariya ɗaya da azurfa. Ko a goge bakin zaren a kusurwoyi daban-daban. Ayarin Karl Booksh a Amurka sun bayyana tsinke mai tasha biyu a 2005, a Jami'ar Adelaide ta Ostireliya kuma Beniamino Sciacca da Tanya Monro da abokan aikinsu sun yi amfani da zare ɗaya a 2013 wajen gano furotin biyu da ake dangantawa da sankarar ciki. Aiki ne mai kyau, amma yana da iyakar da ba a tsallake ta da sauƙi. A faiba mai faɗin ɓargo, irin mai maikuromita 400 da aka fi amfani da ita, haske yana tafiya ta kusurwoyi masu yawa, kowace kusurwa da nata zangon dacewa, sai giɓin ya fito da faɗi, gomman nanomita, wani lokaci fiye da ɗari. Na'urar tantance launi mai araha kuwa, wadda idonta na silikon ne, ba ta gani sosai sai tsakanin kusan nanomita 400 da 1,000. Mai sauraron rediyo a gajeren zango ya san irin wannan matsi: idan tashoshi suka yi kusa da juna a kan mita, muryar wannan sai ta hau kan ta waccan, ba a jin ko ɗaya da kyau. Giɓi biyu suna zama lafiya. Uku da ƙyar. Idan na ɗaya ya matsa, gefensa na shiga gidan na biyu, sai na biyu ya yi kamar ya matsa alhali babu abin da ya manne masa. Azurfa ma tana da nata ciwon, domin tana dusashewa idan ta haɗu da sulfa a iska ko a ruwan jiki, dusashewar kuma tana matsar da giɓin.

Wasu sun bar shimfiɗaɗɗen rufi sun koma ga 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe. Wannan reshe ya fi tsufa a idon ɗan Adam. Kofin Lycurgus na Rumawa, na ƙarni na huɗu, da ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, yana fitowa kore idan haske ya faɗo masa ta gaba, ja idan ya ratso ta bayansa, saboda ƙwayoyin zinariya da azurfa da ke cikin gilashinsa. Michael Faraday ya yi nazarin jan ruwan zinariya a 1857, Gustav Mie ya ba da lissafinsa a 1908. Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin gaggawa na zazzaɓin cizon sauro a asibitin unguwa ya ga filasmon da idonsa, domin jan layin da ke fitowa a tsinken yawanci tarin ƙwayoyin zinariya ne, masu shan koren haske a wajejen nanomita 520. Ƙwayar azurfa tana sha a wajejen 400. Idan aka ja ƙwayar zinariya ta yi tsawo kamar sanda, zangon shanta kan matsa zuwa ja har ya wuce abin da ido ke gani, gwargwadon tsawonta. Ke nan siffa da irin ƙarfe sun zama adireshi. Fa'idar da ba a cika ambata ba ita ce ta aiki: ana iya ɗaura wa kowace irin ƙwaya mai kamunta a kwalbarta daban, sannan a manna su a bakin zaren. Haka kuma hucin hasken da ke kewaye da ƙwaya gajere ne, bai wuce 'yan gomman nanomita ba, kusan girman antibodi, don haka canjin zafi da na gishiri ba sa girgiza ta kamar yadda suke girgiza shimfiɗaɗɗen rufi. Masu bincike a cibiyoyin fasaha na Bombay da Madras a Indiya sun daɗe suna aiki da faiba mai lanƙwasa kamar ƙugiya da aka yayyafa wa irin waɗannan ƙwayoyi. Amma su ma giɓinsu da faɗi yake, matsin wuri bai gushe ba.

Hanya ta uku ta fito ne daga fasahar sadarwa. A 1978 Kenneth Hill a Ottawa ta Kanada ya gano cewa haske na iya barin dawwamammen zane a cikin ɓargon faiba. Idan aka karkatar da wannan jerin zane da 'yan digiri, kamar shida zuwa goma, sai ya riƙa watsa haske daga ɓargo zuwa ɓawo a gomman zanguna, kowanne siriri ƙwarai, ƙasa da rabin nanomita. A 2007 Yanina Shevchenko da Jacques Albert na Jami'ar Carleton suka shafa wa irin wannan zare zinariya suka tayar da filasmon. Christophe Caucheteur a Jami'ar Mons ta Beljiyam da Tuan Guo a Jami'ar Jinan ta ƙasar Sin sun ci gaba da faɗaɗa shi, ayarin Mons ma sun sa tsinken cikin bututun likita sun gwada shi a tsokar huhu da aka ciro, suna neman furotin ɗin saitokeratin 17. Zaren faibar sadarwa ce ta yau da kullum, mai kaurin maikuromita 125, ba a ɓare ta ba, don haka ba ta saurin karyewa. Mafi muhimmanci, akwai layi ɗaya a saƙonta da ke fitowa daga ɓargo zalla, ruwan waje bai shafe shi ba, zafi kawai yake ji, yana matsawa kusan fikomita 10 a kowane digiri. Tsinken yana ɗauke da ma'aunin zafinsa a cikinsa. Sai dai a yi hattara da yadda ake yabon wannan. Layin yana gyara abin da zafi ya yi wa gilashin, yana kuma faɗin zafin, amma abin da zafi ya yi wa ruwan sai an lissafa shi daban. Ga buƙatar daidaita fuskar kaɗawar haske, ga tsadar na'urar karantawa a zangon nanomita 1,550. A wannan zango kuma hucin hasken ya fi zurfi, yana kaiwa wajejen maikuromita guda, sai siririn furotin ya zama ƙaramin kaso na abin da tsinken ke ji.

Saura hanya mafi sauƙi, wadda ba ta da ƙawa a takardun bincike: kowane sinadari da zarensa. A tsoma kowane zare cikin kwalbar mai kamunsa, a ɗaure su tare, a karanta su bi da bi ko da kyamara ɗaya. A ganina ita ta fi kusa da asibiti. Tarihi ma yana bayanta. David Walt na Jami'ar Tufts ya yi amfani da damin faiba mai dubban ɓargo, kowanne da ɗan raminsa da ƙwayarsa, wannan fasaha ce tushen kamfanin Illumina da aka kafa a 1998, ko da yake ita da rini mai ƙyalli take aiki ba da filasmon ba. A shimfiɗaɗɗen gilashi ma, ɗaukar hoton filasmon da kyamara yana karanta ɗaruruwan ɗigo a lokaci guda. Rabawa bisa wuri ta kai ɗaruruwa da dubbai, rabawa da launi a zare ɗaya tana nan a 'yan ƙalilan. Inda zare ɗaya ya zama tilas shi ne inda wuri ya yi ƙunci, kamar cikin allura ko bututun duba huhu.

5.0 Jini ba ruwan gwaji ba ne

Akasarin adadin da ake alfahari da su a wannan fage an same su ne cikin tsaftataccen ruwan gishiri wanda ba komai a cikinsa sai sinadarin da ake nema. Ruwan jini kuwa yana ɗauke da furotin giram 60 zuwa 80 a kowace lita, albumin kaɗai giram 35 zuwa 50. Tirofonin da likita ke nema ana auna shi ne da nanogiram a lita. Tazarar da ke tsakaninsu ta kai ninki biliyan ko fiye. Ko da kaso kaɗan ƙwarai na albumin da sauran furotin ne ya manne inda bai kamata ba, ya rufe saƙon. Kafin ma a zo ga mannewa, ma'aunin karya haske na ruwan jini kusan 1.35 ne, wato tsoma tsinken misalinmu daga ruwan gishiri zuwa ruwan jini kaɗai zai ture giɓin da kimanin nanomita 30, amsar da ake nema kuma ba ta kai nanomita guda ba.

Saboda haka rabin aikin, ko fiye, na masana kimiyyar sinadarai ne. Zinariya tana kama sulfa da ƙarfi, abin da Ralph Nuzzo da David Allara suka nuna amfaninsa a 1983, don haka ana jera mata ƙwayoyi masu kan sulfa su tsaya a tsaye, a ɗaura mai kamu a ɗaya bakin. Tsakanin masu kamun kuma dole a cike da abin da furotin ba ya son mannewa, kamar dekstiran da Stefan Löfås da Bo Johnsson suka bayyana a 1990, ko roba mai riƙe ruwa irin PEG, ko masu ɗauke da caji biyu irin waɗanda Shaoyi Jiang ya yi aiki a kansu a Seattle. Duk wannan a kan shimfiɗaɗɗen gilashi aka fara ƙware shi. Yin sa a jikin zagayayyen zare, wanda ko shafa masa zinariya da kauri ɗaya ta kowane gefe sai an riƙa juya shi cikin injin feshin ƙarfe, wani aiki ne daban. Yin sa sau biyu a yankuna biyu da 'yan milimitoci suka raba, ba tare da mai kamun wannan ya ɓata na wancan ba, ya fi wuya.

Sannan akwai kuskuren kamu. Antibodi na iya riƙe abin da ya yi kama da nasa. Idan sinadarai biyu ake nema, hanyoyin da wani zai faɗa hannun mai kamun da ba nasa ba biyu ne. Idan biyar ne, hanyoyin 20 ne. Idan goma ne, 90. Kowace hanya sai an gwada ta. Idan kuma aka ƙara antibodi na biyu mai ɗauke da ƙwayar zinariya don ƙarfafa saƙon, dabarar da ayarin Michael Natan suka nuna a 1998 kuma ayarin Jeroen Lammertyn na Leuven suka yi amfani da ita sosai a faiba, yawan haɗuwar da za a bincika sai ya ƙara ninkuwa. Dabarar tana aiki, ita ce ma ke kai tsinken ga ƙananan adadin da likita ke buƙata, amma gaskiya ita ce daga nan na'urar ta daina zama marar alama, ta zama gwaji mai matakai da wanki.

6.0 Tashar shaida

Idan tsinke yana da tasha biyu kacal, ra'ayina shi ne ta biyun ba ta sinadari na biyu ba ce. Ta shaida ce: yanki mai rufi iri ɗaya, mai ɗauke da antibodi iri ɗaya a siffa amma wanda ba ya kama komai a cikin jinin, yana zaune cikin ruwa ɗaya da zafi ɗaya. Abin da ya motsa shi, zafi ne ko gishiri ko albumin, ya motsa ɗan'uwansa. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne amsa. Injunan teburi haka suke aiki tun asali. Wata na'urar faiba da masu bincike a Dalian ta ƙasar Sin suka haɗa da wayar salula a 2015 ta ware tashoshi don wannan aiki, wannan kuwa ya fi haɗa ta da wayar muhimmanci.

Amma shaida tana da sharaɗi wanda rabawa da launi ke karyawa. Giɓin da aka ture zuwa dogon zango ya fi saurin matsawa, hucin haskensa kuma ya fi zurfi. Ke nan tashoshin biyu ba sa amsa wa zafi da gishiri daidai wa daida, ba za a ɗebe wannan daga wancan kai tsaye ba sai an auna kowanne da ruwan da aka san ma'auninsa. Zare biyu masu ƙira ɗaya ba su da wannan matsala, muddin masana'anta ta iya fitar da su iri ɗaya. Mai karanta kowane rahoto a wannan fage yana da haƙƙin ya tambaya: a cikin me aka auna, ina shaida, kuma tsinke nawa aka ƙera aka samu amsa ɗaya?

7.0 Gwada ma'aunin da cutar sanƙarau

Don kada maganar ta tsaya a sama, a ɗauki buƙata ta gaske. Arewacin Nijeriya da kudancin Nijar suna tsakiyar yankin da sanƙarau ke addaba a Afirka. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, sama da 11,000 suka rasu. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya kusa kawar da rukunin A na ƙwayar cutar, sai rukunin C ya taso, a Nijar a 2015, a Zamfara da Sakkwato a 2017. Sanin rukunin da ya ɓarke shi ke faɗin irin rigakafin da za a aika. Ruwan laka da ake ɗiba daga bayan majiyyaci kaɗan ne, kuma ko a lokacin cuta furotin ɗinsa bai kusanci na jini ba, don haka ya fi jini sauƙi ga tsinken filasmon. Abin da ake nema, wato sukarin rigar ƙwayar cutar, babba ne mai maimaita siffa, ya dace da kamun antibodi biyu.

A ƙirga tashoshin da ake buƙata: rukunan A da C da W da X da Y, ga ƙwayar nimoniya da ƙwayar da ake kira Hib, waɗanda su ma ke kawo sanƙarau, bakwai ke nan, da shaida takwas. Babu yadda za a jera giɓi takwas a zare ɗaya mai faɗin ɓargo. Dami ne zai iya. Faibar roba mai kaurin kusan milimita guda, irin wadda Nunzio Cennamo da Luigi Zeni ke aiki da ita a Italiya, ta fi gilashi araha da jure hannu, ana iya yar da ita bayan amfani ɗaya, abin da ya fi dacewa da ruwan mai cuta fiye da wanke tsinke a sake tsoma shi. Lokacin sanƙarau kuma rani ne da bazara, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, wanda ke nufin matsala biyu: giɓin zai yi ta yawo yayin gwaji, antibodin da ke jikin zaren kuma zai iya lalacewa a ajiya. Aftama, wato gajerun zaren DNA ko RNA da ake zaɓowa ta hanyar da aka bayyana a 1990, sun fi jure zafi, amma sai an samo mai kama kowane rukuni.

Kuma fagen ba fanko ba ne. Tun 2006 cibiyar CERMES ta Yamai tare da Cibiyar Pasteur suka bayyana tsinkayen takarda masu bambance rukunan A da C da W da Y, marasa buƙatar lantarki. Damin faiba ba zai kayar da su a araha ko sauƙi ba. Abin da zai iya ƙarawa shi ne adadi, wato nawa ne a ciki ba akwai ko babu kawai ba, da kuma layin mannewa daƙiƙa bayan daƙiƙa, wanda daga siffarsa ake bambance kamu na gaskiya, mai hawa ya daidaita, da dattin da ke taruwa a hankali ba tsayawa.